Daga Idon Gwani Zuwa Kumfar Lebur: Yadda Bango Ya Koyi Tsayuwa

A Fakku, da ma sauran garuruwan ƙasar Kebbe da Tambuwal a kudancin Jihar Sakkwato, gidan ƙasa da gidan bulo suna zaune kafaɗa da kafaɗa. Wanda ya dubi biyun da idon basira zai ga abin mamaki. Tsohon bangon ƙasa, wanda ba a taɓa ɗora masa ma'auni ba, yakan shekara da shekaru a tsaye muddin ana yi masa yaɓe. Sabon bangon siminti kuwa, wanda birkila ya auna da lebur, wani lokaci tun kafin a ɗora kwano ya fara nuna karkata. Amsar wannan tana cikin tarihin ginin kansa.

Maginan ƙasar Hausa sun warware matsalar daidaito ta hanyar siffar bango. Da tubali suke gini, wato curin ƙasa mai faɗin gindi da tsinin kai, wanda ake shanyawa a rana, a jera shi sahu-sahu, a cike tsakaninsa da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Bangon yakan fara da kauri sosai a gindi, yana sirancewa yayin da yake hawa. Irin wannan bango nauyinsa a ƙasa yake, saboda haka ɗan kuskuren yatsa ɗaya ko biyu ba ya kayar da shi. Awon magini a jikinsa yake: taƙi, kamu, gaba, sai igiya, sai kuma ido da aka horar tun ƙuruciya a gidan gado.

Da waɗannan kayan aiki Muhammadu Durugu, wanda ake kira Babban Gwani, ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Ya ɗaure bakan gizo da azarar giginya, ya rufe soraye masu tsawo da azara da ƙasa. Bayan fiye da ƙarni guda, masanin gine-gine ɗan ƙasar Foland, Zbigniew Dmochowski, ya auna masallacin ya zana shi, kuma aka sāke gina kwatankwacinsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya na Jos. Ban da ƙwarewar hannu, akwai kuma tsari: garuruwa suna da Sarkin Magina, magini yana da ubangida, kuma gini idan ya rushe an san sunan wanda zai sha kunya.

Shi lebur daga wata hanya ya biyo. Mutanen Masar na dā suna amfani da katako mai ƙafa biyu, da igiya mai nauyi rataye a tsakiya. An sami irinsa a kabarin wani ma'aikaci mai suna Sennedjem, wanda ya rayu fiye da shekara 3,000 da suka wuce. Kwalbar da ke ɗauke da kumfa kuwa, Bafaranshe Melchisédech Thévenot ne ya ƙirƙiro ta wajen 1661. Hikimar ba ta da wuyar fahimta: a zuba barasa a 'yar kwalba mai ɗan lanƙwasa, a bar gurbin iska kaɗan. Kumfa kullum wuri mafi tudu take nema, don haka idan ta zauna tsakanin layuka biyu, abin da aka ɗora ma'aunin a kai ya daidaita.

Wannan kayan aiki ya zama dole a ƙasarmu ne lokacin da kayan gini suka sauya. An kafa kamfanin siminti na Arewa a 1962, masana'antarsa ta Kalambaina a Sakkwato ta fara aiki a 1967, sannu a hankali bulo ya bazu daga birni zuwa ƙauye. Bangon bulo mai inci shida ko tara kaurinsa ɗaya ne daga ƙasa har sama. Ba shi da faffaɗan gindin da zai shanye kuskure. Idan sahun farko ya kauce, na biyu zai gaje shi, har a kai lintal. Ƙofar ƙarfe da tagar gilashi an ƙera su a kan kusurwa madaidaiciya, ba sa yin sulhu da karkataccen bango. Tayil ma haka: gangaren da ya juya baya ga magudana yakan bar ruwa kwance a banɗaki har ya jiƙa harsashi. Amanar da a dā take wuyan gwani da Sarkin Magina ta koma kan wani ƙarfe da ake saya a kasuwa, wanda ba kasafai ake tambayar gaskiyarsa ba.

Lissafin yana da sauƙi. Lebur mai inganci kuskurensa bai wuce rabin milimita a kowace mita ba. Wanda ya kauce da milimita biyu a mita zai karkatar da bango mai tsawon mita uku da milimita shida, a daɓe mai mita goma kuma kuskuren zai kai santimita biyu. Da ƙarin siminti da filasta ake rufe wannan giɓi, daga aljihun mai gida, wanda sau da yawa yana Sakkwato ko Abuja yana aiko da kuɗi.

Gwajin da ke tona asirin lebur ba ya cin minti biyu. A ɗora shi a kan tebur, a lura da inda kumfa ta tsaya, sannan a juya shi, kan dama ya koma hagu, a mayar da shi daidai wurin da yake. Idan kumfa ta koma gurbinta na farko, ma'aunin mai gaskiya ne, ko da teburin karkatacce ne. Idan ta sauya wuri, a mayar wa mai shago. Haka ake yi wa kwalbar tsaye a jikin bango. A duba kuma ko kwalbar a kafe take ba ta motsi, kumfa na tafiya ba tare da maƙalewa ba, gefen ƙarfen kuma miƙe yake. Na katako yakan kumbura da damina ya bushe da hunturu, har ya lanƙwashe. Na alminiyon mai kauri ya fi jure yanayinmu, amma shi ma faɗuwa ɗaya daga saman gini tana iya ɓata shi, don haka a maimaita gwajin bayan kowace faɗuwa. Gajeren lebur na tayil da taga ne, bango yana son mai tsawon mita ɗaya ko fiye. Daga kusurwar gida zuwa wata kuwa, siririn tiyo mai ruwa a ciki ya fi kowane lebur gaskiya, muddin an fitar da iskar da ke cikinsa.

Magabata ba sa miƙa wa yaro ginin soro sai sun ga aikin hannunsa. Mai gini a Fakku a yau yana da damar yin irin wannan jarrabawa ga ma'aunin da za a auna gidansa da shi, tun ranar da za a aza bulon farko.