Madobiya da Ɗorawa: Tarihin Rabe-rabensu da Halin da Suke Ciki

Madobiya da ɗorawa itatuwa ne masu fure da ake samu a dazuka da gonakin Afirka ta Yamma, tun daga Sanagal har Kamaru da Chadi. Masana tsirrai sun sa su dangi ɗaya da wake da gyaɗa, wato Fabaceae, amma kowace da reshenta.

Ɗorawa ce ta riga shiga littattafan masana. Jacquin ya bayyana ta a 1763 a matsayin Mimosa biglobosa, sai a 1826 Robert Brown ya ware jinsin Parkia don tunawa da Mungo Park, Baturen da ya rasu a Kogin Kwara wajen Busa. Furenta ja ne, dunƙulalle, yana reto a dogon tsinke, jemagu ke shan ruwansa da dare su yi masa barbara. Madobiya kuwa, Pterocarpus erinaceus, Poiret ne ya raɗa mata suna a 1804. Ta fi kusa da wake a ƙirar fure. Da rani takan zubar da ganye ta cika da fure rawaya, in aka sari jikinta sai jan ƙaro ya fito.

Ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa ɗorawa cikin itatuwan da ba a fargabar ƙarewarsu. Dalilin a fili yake: manomi ba ya sare ta, domin a tsaye take da riba. Ga gari, ga kalwar daddawa, ga makuba ta shafen gini. Sai dai yawancin na gonaki tsofaffi ne, ƙananan kuma garma da awaki ba sa barinsu.

Madobiya kyan katakonta ne ya ja mata. Bayan 2010 kasuwar kujerun alfarma ta Sin ta buɗe mata baki, aka yi ta jigilar gumagumai daga Taraba, Adamawa da Kogi zuwa tashar ruwa ta Legas. A 2016 aka sa ta rukuni na biyu na yarjejeniyar CITES mai kula da cinikin halittun daji tsakanin ƙasashe, a 2018 IUCN ta ayyana ta cikin masu fuskantar barazanar ƙarewa, a shekarar kuma aka dakatar da cinikinta daga Najeriya. Matakin ya zo a makare, kuma makiyayan da ke sassabe ganyenta don shanu a ƙarshen rani su suka fi jin asarar.