Kogin Kwara da Ambaliyarsa Biyu a Tarihi

Gabatarwa

Dattawan da suka tashi a bakin Kwara, daga Gaya zuwa Illo har Yawuri, sun san wani abin al'ajabi game da wannan kogi. A tsakiyar hunturu, lokacin da ƙoramu suka ƙafe kuma babu ko ɗigon ruwan sama, sai a ga kogin yana ƙaruwa. Wannan maƙala za ta bi sawun wannan ruwa tun daga tushensa, ta kuma nuna yadda cikarsa da janyewarsa suka tsara rayuwar al'ummomin da ke gaɓarsa.

Mafari da Hanyar Kogin

Kwara, wanda ake kira Neja a littattafan makaranta, shi ne na uku a tsawo a nahiyar Afirka bayan Nilu da Kwango, domin ya kai kimanin kilomita 4,180. Yana tasowa ne daga tsaunukan ƙasar Gini, kilomita 240 kacal daga Tekun Atalantika. Maimakon ya gangara teku, sai ya juya mata baya ya nufi arewa maso gabas, ya ratsa Bamako da Segu har kusa da Tambutu a bakin Sahara. Daga nan ya karkato kudu maso gabas ta Gawo da Yamai, ya shigo Nijeriya ta Jihar Kabi, ya haɗu da Binuwai a Lakwaja, sannan ya faɗa teku. Mandinkawa na kiransa Joliba, Zabarmawa kuwa Isa Beri, wato babban kogi.

Wannan lanƙwasa ta daɗe tana rikita baƙi. Ibn Baɗuɗa, da ya ziyarci Mali a 1352, ya ɗauka Nilu ne. Mungo Park ya gan shi a Segu a 1796, ya kuma halaka a duwatsun Busa a 1806. Sai a 1830 ne 'yan'uwan nan biyu, Richard da John Lander, suka bi shi har teku.

Farin Ruwa da Baƙin Ruwa

Ambaliya ta farko ta damina ce. Ruwan da aka yi a ƙasashen Zamfara da Sakkwato da Kabi yakan bi ta Gulbin Sakkwato da sauran rassa ya zubo cikin Kwara. Yakan kai ƙololuwa wajen watan Satumba, kuma saboda laka da yake ɗauke da ita masana suka kira shi farin ruwa.

Ta biyu kuwa ruwan Gini ne da ya makara a hanya. A tsakiyar Mali, tsakanin Segu da Tambutu, akwai wata shimfiɗaɗɗiyar fadama mai tafkuna da rassa masu yawa, inda kogin Bani ke haɗuwa da Kwara a Mopti. Idan ruwa ya iso nan sai ya bazu, ya rage gudu, rana ta shanye kaso mai yawa, lakar kuma ta kwanta. Abin da ya saura shi ne ke wucewa Yamai wajen Janairu, ya iso ƙasarmu garau. Wannan shi ne baƙin ruwa. Wato ruwan da aka yi a Gini da damina, sai bayan wata huɗu ko biyar yake wuce Illo.

Tasirin Ambaliya a Tarihi

Fadamar Mali ta ciyar da dauloli. An zauni tsohon garin Jenne-Jeno tun wajen shekara ta 250 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), kuma an sami shaidar noman shinkafar gida a wurin. Idan ruwa ya cika, masunta ne ke da fage; idan ya janye, sai Fulani su sauko da shanu su ci burgu. Shehu Amadu na Masina, wanda ya kafa daularsa a 1818, ya tsara burtali da lokutan shigar garke bisa wannan juyi na ruwa. Kafin shi, Sonni Ali na Songai (1464-1492) ya dogara da rundunar jiragen ruwa wajen yaƙe-yaƙensa, tun ba ma lokacin cikar kogi ba.

A ƙasar Yawuri kuwa, Gungawa sun zauni tsibirai suna noman albasa a lakar da farin ruwa ya bari, Sarkawa kuma suka shahara da su.

Zamanin Madatsun Ruwa

An fara gina madatsar Kainji a 1964, aka kammala a 1968. Tafkin ya haɗiye tsohuwar Busa da tsibirai masu yawa, aka sake wa mutane kimanin 44,000 matsuguni. An sami wutar lantarki, amma a ƙasa da madatsar, cikar kogi ta koma bin buɗe ƙofofi, ba kalandar da manoma suka gada ba.

Duk da haka kogin bai daina nuna ƙarfinsa ba. A Yunin 1985, bayan shekarun fari, ya daina gudu a Yamai. A 2012 kuwa Kwara da Binuwai suka cika tare, Lakwaja ta nutse, mutane fiye da miliyan 2 suka bar gidajensu a faɗin Nijeriya. A 2020 ambaliya ta cinye gonakin shinkafa masu yawa a Jihar Kabi, a 2022 kuma rayuka fiye da 600 suka salwanta a ƙasa baki ɗaya.

Kammalawa

Magabata sun gina gidajensu a kan tudu, suka bar wa kogi fadamarsa, domin sun san ko ya yi shekara goma bai zo ba, wata rana zai waiwayi hanyarsa. Yawancin asarar da ake yi a yau tana faruwa ne a wuraren da aka manta da wannan. Saboda haka ya kamata malamai su koya wa ɗalibai lokutan ruwan nan biyu, su kuma zauna da dattawan bakin kogi su rubuta sunayen tsibiran da suka nutse da iyakokin da ruwa ya taɓa kaiwa, tun waɗanda suka gani da idonsu suna raye.