Furotin da sukarin jini ga masu ciwon sukari

Furotin, wanda aka fi sani da sinadarin gina jiki, yana ɗaya daga cikin manyan rukunan abinci uku, tare da sitaci da maiƙo. Ana samunsa a nama, kifi, ƙwai, nono, wake, waken suya da gyaɗa. Idan aka ci shi shi kaɗai, ba ya ɗaga sukarin jini da sauri kamar tuwo, shinkafa ko burodi. Tasirinsa ga mai ciwon sukari ya danganta da nau'in ciwon, yawan abin da aka ci, abin da aka haɗa shi da shi, da kuma lafiyar ƙoda.

Yadda yake aiki a jiki

A ciki da hanji, furotin yana narkewa ya koma ƙananan sinadarai da ake kira amino asid. Jiki yana amfani da su wajen gina tsoka da gyara sassan da suka lalace. Shigarsu jini tana sa fankiriyas ta saki sinadarai biyu masu aiki akasin juna: insulin, mai rage sukari, da gulukagon, mai sa hanta ta fitar da sukari. Hanta tana iya mayar da wani ɓangare na amino asid zuwa sukari, amma a hankali, cikin sa'o'i. Furotin da maiƙo suna kuma jinkirta fitar abinci daga ciki zuwa hanji, abin da ke sa sitacin da aka ci tare da su ya shiga jini sannu a hankali. Giram ɗaya na furotin yana ba da kalori 4, daidai da na sitaci.

Tarihin bincike

Kafin gano insulin a Toronto a 1921, abinci ne kusan kaɗai hanyar kula da ciwon, kuma likitocin lokacin sun ɗauka cewa fiye da rabin furotin da aka ci yana komawa sukari. Daga baya an ga cewa abin da ke isa jini bai kai haka ba. Mary Gannon da Frank Nuttall na Minneapolis a Amurka sun ba masu nau'i na 2 giram 50 na furotin daga naman shanu, kuma sakamakon da suka wallafa a 2001 ya nuna insulin ya ƙaru, sukarin kuwa bai hau ba. A 2015 masu bincike a Weill Cornell da ke New York sun nuna cewa fara cin furotin da ganye kafin sitaci yana rage hawan sukari bayan cin abinci.

Bambancin nau'o'in ciwon

Ga mai nau'i na 2, wanda jikinsa ke samar da insulin ko da bai wadatar ba, matsakaicin furotin ba ya ƙara sukari sosai, kuma yana riƙe ciki ya rage yawan jin yunwa. Ga mai nau'i na 1, jiki ba ya samar da insulin ɗin da zai daidaita aikin gulukagon. Saboda haka cin nama mai yawa, musamman mai kitse, yana iya ɗaga sukari bayan sa'a 3 zuwa 5. Wanda ya ci tsire ko balangu da yawa bayan isha'i yana iya samun sukarinsa ya hau cikin dare ko da asuba, alhali awon da ya yi kafin ya kwanta bai nuna komai ba.

Abincin Kano

A unguwanni irin su Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni, yawancin furotin da mutane ke ci daga wake, waken suya, gyaɗa da ƙwai yake fitowa, don nama da kifi sun fi tsada. Kusan duk waɗannan abinci suna tafe da wani abu dabam, kuma sau da yawa wannan abin ne ke ɗaga sukari.

- Wake: busasshen wake kusan kashi ɗaya cikin huɗu furotin ne, fiye da rabinsa kuma sitaci. Dusarsa tana sa sukari ya hau a hankali, amma yawan cinsa yana ɗaga shi. A garau-garau, shinkafar ce ta fi tasiri.
- Ƙosai da alale: daga wake ake yin su duka. Ƙosai yana shan mai, kuma kunu ko koko mai sukari da ake sha da shi ne ke saurin ɗaga sukari.
- Ɗanwake: ana haɗa shi da garin rogo ko fulawa, don haka sitacinsa ya fi furotin yawa.
- Awara: tana da furotin mai yawa da sitaci kaɗan. Dafaffiya ta fi soyayya ƙarancin mai.
- Ƙwai: guda ɗaya yana da kusan giram 6 na furotin, sitaci kuwa kusan babu. A teburin mai shayi, burodi, indomi da shayin madara da sukari su ne abin lura.
- Tsire da kilishi: sukarinsu kaɗan ne, gishiri da dunƙule kuwa da yawa, abin da ya shafi mai hawan jini. Wasu masu kilishi suna sa sukari a labu.
- Nono da kindirmo: suna da furotin da sukarin madara. Fura da sukarin da aka dama da su suna ƙara sitaci sosai.

A watan azumi, sahur mai ƙwai, wake ko kindirmo marar sukari ya fi sahur na sitaci zalla daɗewa a ciki. Ana son mai shan magani ko allurar insulin ya ga likita kafin watan ya kama.

Yawan da ake buƙata da batun ƙoda

Baligi mai lafiya yana buƙatar kimanin giram 0.8 na furotin ga kowane kilo na nauyinsa a rana, wato kusan giram 48 ga mai kilo 60. Ciwon sukari yana cikin manyan abubuwan da ke lalata ƙoda. Ga wanda ƙodarsa ta fara rauni kuma ba a fara masa wankin ƙoda ba, Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Amurka ta ba da shawarar tsayawa a kusa da wannan adadi. Wanda ake wa wankin ƙoda yana buƙatar fiye da haka. Wannan ya sa barin tuwo a koma nama da ƙwai zalla yana da haɗari idan ba a auna fitsari da jini an san halin ƙoda ba. Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, da ke kan titin Zariya a ƙaramar hukumar Tarauni, an kafa shi a 1988, kuma yana da likitocin ciwon sukari, masana abinci da sashen wankin ƙoda.

Faɗuwar sukari

Sukari ya faɗi idan ya yi ƙasa da 70 mg/dL, wato 3.9 mmol/L. Alamominsa sun haɗa da makyarkyata, gumi, jiri da bugun zuciya. Nama, ƙwai, gyaɗa ko madara ba sa maganin wannan, domin ba sa ɗaga sukari da sauri, kuma furotin yana iya ƙara fitar insulin. Ana ba da giram 15 na sukari, kamar babban cokali ɗaya na sukari ko zuma, a sake awo bayan minti 15, a maimaita idan bai dawo ba. Wanda ya suma ba a ɗura masa komai a baki, asibiti ake garzayawa da shi.

Awo

Mutane sun bambanta a yadda jikinsu ke karɓar abinci iri ɗaya. Ana gane tasirin abinci ta hanyar awo kafin a ci da kuma sa'a 2 bayan fara ci. Ga yawancin manya, ana son awon kafin cin abinci ya kasance tsakanin 80 da 130 mg/dL, na bayan ci kuma ƙasa da 180. Mai nau'i na 1 da ya ci nama mai yawa yakan ƙara wani awo bayan sa'a 4 ko 5.