Tal National: Tarihin Ƙungiyar Makaɗan Jita ta Nijar

Tal National ƙungiyar makaɗan zamani ce da aka kafa a Yamai, babban birnin Jamhuriyar Nijar, a shekarar 2000. Wanda ya kafa ta shi ne Hamadal Issoufou Moumine, wanda aka fi sani da Almeida. Makaɗin jita ne, tsohon ɗan ƙwallo, kuma alƙali a kotu. Sunan ƙungiyar ya fito ne daga Tal, hamadar nan mai farin yashi da ke kusa da Gigimi a jihar Difa.

Ba a kan fako ta tsiro ba. Kafin ita, gasar Ɗan Gurmu da aka fara a 1987 ta fito da mawaƙa da dama, Sa'adu Bori na Maraɗi da Moussa Poussy sun fitar da faifansu Niamey Twice a 1994, sannan Yacouba Moumouni ya kafa Mamar Kassey a 1995. Abin da Almeida ya ƙara shi ne tsari da zafin hannu. Ya tara Hausawa, Zabarmawa, Fulani da Buzaye a inuwa ɗaya, kowa ya zo da kiɗan gidansu, aka ɗora shi a kan jita mai lantarki da gangunan Turawa, kalangu na tsakiya yana magana. Mutumin Matamaye ko Kance da ya saba da kalangun biki ba ya buƙatar tafinta kafin ƙafarsa ta motsa.

Yadda suke aiki shi ne abin da ya fi cancantar a tsaya a kai. Makaɗan sun haura goma, suna karɓa-karɓa, ta yadda idan hannun wani ya gaji sai wani ya karɓi jitar ba tare da kiɗa ya yanke ba. A lokacin da suke tashe sukan yi wasa dare biyar a mako, kowane dare kimanin awa biyar, ban da bukukuwan aure da suna. Idan gayyata biyu ta zo rana ɗaya, sai su rabu gida biyu. Da yake a lokacin babu kamfanin da ke rarraba faifai a ƙasar, su da kansu suke fita bakin shatale-talen Yamai suna miƙa wa masu motoci da babura faifan CD, a ba su kuɗi hannu da hannu.

A nan ne dangantakarsu da kiɗan punk take. Punk ya ɓullo a tsakiyar shekarun 1970 a birnin New York da Landan, ta hannun ƙungiyoyi irin su Ramones, Sex Pistols da The Clash, kuma aƙidarsa ita ce matashi ya ɗauki jita ya yi abinsa da kansa, kada ya jira manyan kamfanoni. Tal National sun yi hakan ne don dole, ba don ado ba. Shi kuwa salon new wave da ya biyo baya, Afirka ta Yamma ya leƙo ya ɗiba: faifan Remain in Light na Talking Heads, na 1980, ya sha daga kiɗan Fela Kuti. Don haka idan Bature ya ji saurin Tal National ya kira shi rock, a ganina ya faɗi rabin gaskiya ne kawai. Wannan sauri a filin rawa aka koyo shi, inda makaɗin da ya yi sanyi ba a sake gayyatarsa.

Fitarsu waje ta samo asali ne daga shawarar Almeida ta ɗauko injiniyan sauti Jamie Carter daga Chicago ta Amurka ya zo ya naɗi waƙoƙin a Yamai, maimakon a kwashi makaɗa zuwa wata ƙasa. Faifan A-Na Waya da ya naɗa musu ya karɓu ƙwarai a gida. Daga nan kamfanin FatCat na Ingila ya fitar da Kaani a 2013, Zoy Zoy a 2015, da Tantabara a 2018. A wannan na ƙarshen an ji muryar Zara Moussa, mawaƙiyar rap ta Nijar, da jitar Yonatan Gat, tsohon ɗan ƙungiyar Monotonix. Idan za su yi balaguro zuwa Amurka ko Turai, mutum shida kan tafi, sauran su tsaya suna riƙe da wasannin gida.

A waje, sunan jitar Nijar ya fi tafiya da Bombino da Mdou Moctar, ƴan jihar Agadas da Tawa. Tal National ce ta nuna wa duniya cewa kudancin ƙasar ma yana da tasa jitar, da Hausa da Zabarmanci a bakinta, kuma ta cancanci matasan makaɗan Damagaram su nemi faifanta su saurara da kunnen ɗalibi.