Asalin Dabarar Lebensohl a Wasan Birij

Birij wasan karta ne na mutum huɗu, biyu suna fuskantar biyu, kowa da kati 13 a hannu. Wani attajirin Amurka, Harold Vanderbilt, shi ya tsara irin wanda ake yi a yau, a cikin jirgin ruwa, a shekarar 1925. Kafin a jefa kati ko ɗaya sai an yi gwanjo. Kowa ya taya yawan cin da shi da abokinsa za su yi, ya kuma faɗi dangin katin da zai yi sarauta a kan sauran. Dangin nan huɗu ne, daga ƙarami zuwa babba: mai ganye uku, mai daimon, mai zuciya, da mai kan mashi. Akwai kuma tayin da ke cewa ba dangin da zai yi sarauta, wanda ake rubutawa NT, shi ne sama da duka. Dole kowane tayi ya ɗara wanda ya gabace shi.

To, ba a yarda ka gaya wa abokinka abin da ke hannunka ba, ko da ƙifta ido. Tayin nan shi kaɗai ne bakinku. Saboda haka gwanaye suka ɗora wa kowane tayi ma'ana. In mutum ya buɗe da 1NT, a tsarin da ya fi yaɗuwa a Amurka yana cewa ne yana da maki 15 zuwa 17 cikin 40 da ke cikin kartar duka, kuma ba dangin da ya yi masa yawa ƙwarai. Abokinsa ya ji wannan ya san inda aka dosa, sai ya yi ta tambaya cikin natsuwa.

Abokan hamayya kuwa ba su zo kallo ba. Da sun ji 1NT sai ɗayansu ya tsoma baki, ya taya biyu a mai kan mashi, ya cinye wurin da za a yi tambayar. Nan fa ake yin ta. A ce abokin mai buɗewa yana riƙe da daimon shida amma hannunsa ba ƙarfi. So yake ya ce uku a daimon a tsaya nan. Wani zagayen kuma ga daimon ɗin ga ƙarfi. So yake ya ce uku a daimon a ci gaba. Magana ɗaya, nufi biyu. Mai buɗewa sai ya yi ta canki-canki, ya tsaya inda ya kamata ya wuce, ko ya wuce ya faɗa rami.

Wajen ƙarshen shekarun 1960 wata dabara ta ɓulla tsakanin 'yan wasan Amurka. Aka ce a sadaukar da tayin 2NT, a mai da shi ɗan aike. Mai raunin hannu ya ce 2NT, mai buɗewa kuma tilas ya amsa da uku a mai ganye uku, ko me yake riƙe da shi. Daga nan mai rauni ya faɗi danginsa a tsaya, in kuwa mai ganye ukun ne nasa, ya yi shiru abinsa. Mai ƙarfi ba ya bi ta wajen ɗan aike, kai tsaye yake faɗin danginsa, abokinsa ya san ba tsayawa. Ka ga hanya ɗaya ta zama biyu. Har aka ƙara da cewa, a yadda yawanci ke yi, wanda ya zagaya ta wajen ɗan aike kafin ya ce 3NT yana da katin da zai tare dangin abokan hamayya, wanda ya tafi kai tsaye ba shi da shi. An rasa 2NT na asali, gaskiya ne, amma a ganina cinikin ya yi riba.

Sai batun suna. George Boehm ya bayyana dabarar a mujallar The Bridge World a 1970, an kuma yi ta zaton cewa wani ɗan wasa mai suna Kenneth Lebensold ne ya ƙago ta. Lebensold ya ce shi ba ruwansa, bai ƙago ba. Ga shi ma an ɓata rubutun sunan, ya koma Lebensohl. Amma bakin alƙalami ya riga ya bushe, sai dai wasu marubuta suna fara kalmar da ƙaramin baƙi. Wannan ba sabon abu ba ne a birij: dabarar Stayman ma Sam Stayman ya wallafa ta ne a 1945, alhali abokin wasansa George Rapée da Jack Marx na Ingila su suka ƙago ta, kowa daban.

Daga baya aka kai dabarar wasu wuraren gwanjon, Ron Andersen ya rubuta littafi guda a kanta a 1987. In za ka gwada ta, ku zauna da abokinka tukuna ku daidaita, don wanda ya manta ya yi shiru a kan 2NT ya jefa ku biyun cikin asara.