Littafin naka ne, amma makullin ɗakin na wa?

Duk wanda ya taɓa riƙe rajistar ofis, a Roni ne ko a Kazaure, ya san rubutu a littafi daban, riƙon makullin ɗakin da ake ajiye shi daban. Masu gina kwamfuta sun daɗe kafin su daidaita a kan wannan.

An ƙirƙiro tsarin Unix a Bell Labs ta Amurka a 1969. Cikin shekarun 1970 dokarsa ta zauna: kowane fayil yana da mai shi, da rukuninsa, sai sauran jama'a, kuma kowanne da iyakar abin da aka yarje masa. Mutum ɗaya ne iyaka ba ta hawa kansa, wato babban mai iko da ake kira root. A farkon shekarun 1980 Eric Allman ya rubuta syslog, magatakardan da ke tattara rahoton abin da manhajoji suke aikatawa.

Matsala ta taso da tsare-tsare irin su Debian, wanda Ian Murdock ya kafa a 1993, suka fara haɗa manhajojin mutane daban-daban a gida ɗaya. Kowace tana zuba rahotonta a jakar /var/log, sannan wata mai suna logrotate ta bi da ikon root tana naɗe tsoho, tana buɗe sabo. Sai fayil ɗaya ya sami iyayengiji biyu. Idan mai naɗewa ya bar shi a hannun root, mai rubutu ya tarar da ƙofa a rufe, rahoto ya tsaya ba wanda ya sani. Mafita mafi sauƙi ita ce a miƙa wa mai rubutu jakar baki ɗaya, kuma da yawa haka suka yi.

A 2011 masu logrotate suka gane haɗarin. Daga fitowa ta 3.8.0 ta daina taɓa jakar da rukunin da ba na root ba ke iya rubutu a ciki, sai an faɗa mata da sunan wa za ta shiga. Shekarar 2016 ta nuna girman abin da ake gudu. Dawid Golunski ya bayyana cewa a Debian da Ubuntu jakar rahoton nginx tana hannun ƙaramin asusu, www-data. Ɓarawon da ya kama asusun zai iya musanya fayil da mahaɗi zuwa wani muhimmin fayil na tsarin. Da lokacin naɗewa ya zo, ɓangaren nginx mai ikon root zai bi mahaɗin ya mallaka masa fayil ɗin, daga nan na'urar ta zama tasa.

Gyaran da Debian ta yi shi ne mayar da jakar hannun root, da rukunin adm na masu dubawa. Manhajar ta ci gaba da rubutu a littafinta, amma ba ta da ikon cire shi ko musanya shi. Ranar da aka yi kutse, ko ƙididdiga ta ƙi daidaita, littafin nan ne shaidar da ake nema.