Daga Mai Masauki Zuwa Mai Gidan Haya

A zamanin fataucin goro, falken da ya sauka a Salaga ba kuɗin ɗaki ake tambayarsa ba. Maigida ne ke ba shi masauki da abinci, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da masu saye, ya kuma tsaya masa idan an ɗauki hajarsa bashi. Ladansa la'ada ce daga cinikin. Arzikin baƙo nasa ne, korarsa kuwa asara ce.

Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa kakanninmu zuwa Kete-Krachi, Kumasi da Akra, suka tafi da wannan al'ada. A farkon ƙarni na 20 Malam Baƙo ya kafa Sabon Zango a Akra, yana yanka wa masu zuwa filayen gini.

Da birane suka cika, sai ɗakin kansa ya zama haja. Dokar korar baƙi ta gwamnatin Busia a 1969 ta ƙara dagula lamarin, domin da yawa sun sayar da gidajensu da araha suka bar ƙasar.

Yau dokar haya ta Ghana ta 1963 ta hana karɓar kuɗin fiye da wata 6 gaba ɗaya, amma a zangunanmu ana neman na shekara 2. Magidanci ya ci bashi don ya biya, ko ya kwashe iyalinsa zuwa bayan gari. Masu gidajen nan kuwa, da yawansu jikokin waɗanda aka sauka kyauta ne.